Tukunyar Fito da Alhakin Mai Dafawa

A garin Tamale, babban birnin Jihar Arewa ta ƙasar Gana, akwai wata tambaya da ta daɗe tana raba kan masu bi. Tambayar kuwa ita ce: matar da take dafa giya a gidanta domin ta ciyar da 'ya'yanta, tana da rabo cikin zunubin wanda ya sha ya bugu, ko kuwa alhakin yana wuyan mai sha shi kaɗai? Giyar da ake nufi ita ce fito, wadda mutanen Gana suke ce da ita pito, 'yar'uwar burukutun da aka sani a Nijeriya. Yawancin mutanen Tamale Dagwamba ne, Musulmi ne kuma, addininsu ya hana ta. Amma tun lokacin da Turawan Ingila suka mai da garin mazaunin mulkinsu na arewa a 1907, baƙi suke ta shigowa: Hausawa 'yan kasuwa a Zango, Dagati daga wajen Jirapa da Nandom, Farafara daga Bolgatanga, da waɗansu kabilu dabam dabam. Matan Dagati da na Farafara sun zo da tukwanensu, da gwanintar da suka gada wurin uwayensu. Da yawa cikinsu Kirista ne, suna zuwa sujada ran Lahadi, suna ba da baiko. Shi ya sa tambayar ta shigo har cikin majami'a.

Ikilisiyoyin kuwa ba su taɓa zama baki ɗaya a kanta ba. Fada-fadan Katolika da suka sauka a Navrongo a 1906, suka kai Jirapa a 1929, sun iske fito a kowace makoki, a kowace gayyar noma, suka yi wa'azi a kan buguwa amma ba su hana dafawa ba. 'Yan mishan na Assemblies of God da suka fara aiki a Yendi a 1931 suka ce sam, mai bi ba ya sha, ba ya dafawa, ba ya sayarwa, kamar dai yadda ikilisiyoyin da suka fito daga aikin SIM da SUM suka koyar a Nijeriya. Don haka za ka iske mata biyu 'yan ƙauye ɗaya, suna zaune a unguwa ɗaya, suna dafa abu ɗaya, ɗaya tana cikin shugabannin matan ikilisiyarta, ɗaya kuwa an sa ta ƙarƙashin horo, an hana ta Jibin Ubangiji. Dukansu biyu sunan Yesu ɗaya suke kira. Wannan ya isa ya sa mu zauna mu yi tunani.

Kafin a yi wa sana'a shari'a, ya kamata a san yadda ake yin ta, gama da yawa cikin masu tsine wa tukunyar fito ba su taɓa tsayawa kusa da ita ba. Mai dafawa takan sayi dawa, ta jiƙa ta, ta baza ta a inuwa tana yayyafa mata ruwa kwana uku ko huɗu har ta yi tsiro. Sai ta shanya tsiron ya bushe, ta kai inji a ɓarza. Ta dama garin cikin ruwa mai yawa, ta zuba yauƙin ɓawon karan kuɓewa domin garin ya kwanta, ta kwashe ruwan sama ta ajiye gefe. Abin da ya kwanta a ƙasa ta dafa shi, sa'an nan ta mayar masa da ruwan nan da ta ajiye, ta bar shi ya kwana ya yi tsami. Kashegari ta tace, ta sake dafa ruwan sa'o'i da yawa, tana tsaye cikin hayaƙi tana kwashe kumfa. Har zuwa wannan wuri babu abin maye a ciki ko kaɗan. Ruwa ne mai zaƙi da ɗan tsami, yara suna sha, wanda ba ya shan giya ma yana sha, bai kuwa yi nisa da kunun zaƙin da matan Hausawa suke yi da tsiron hatsi ba. Sai bayan ya huce ta zuba masa yistin da ta ajiye daga dahuwar baya. Da dare ɗaya ya tashi, ya yi kumfa, zaƙin ya juye ya zama abin maye. Da safe a ɗebo a ƙoƙo a miƙa wa mai saye, yana ta tsiyayar kumfa tukuna. Dusar da ta rage a ba aladu.

Aiki ne na kwanaki, mai cin itace da ruwa da ƙarfin jiki. Ba raguwar mace take yin sa ba. Ƙarfin mayen fito kuwa bai cika wuce kashi biyar cikin ɗari ba, sau da yawa ma bai kai haka ba.

To, a can ƙasar Jamus, a birnin Kolon da yake bakin kogin Rayin, akwai wata giya mai haske, marar nauyi, da ake kira Kolsh. Da tsiron sha'ir ake yin ta, da wani fure mai ɗaci da ake ce masa hof, ƙarfinta ya kusa kashi biyar cikin ɗari. Irin yistin da yake tashe ta da fito ɗaya ne, wanda yake taruwa a saman tukunya. Mutanen Kolon suna ji da ita ƙwarai, har a 1986 masu dafa ta suka sa hannu a yarjejeniya cewa wanda ba a yankinsu yake dafawa ba kada ya kira tasa da wannan suna. Duk da haka mutane da yawa a Turai da Amurka suna kwaikwayon ta a gidajensu, su dafa kamar lita ashirin don marmari, musamman tun da gwamnatin Amurka ta halatta dahuwar gida a 1978. Na kawo zancen Jamus a nan domin abu biyu: daga can ne Gyaran Ikilisiya ya taso, can kuma aka riga mu yin gardama a kan tukunyar giya da rumbun hatsi.

Masu cewa mai dafawa ba ta da laifi suna da hujja mai ƙarfi, kada mu ɓoye ta. A sura ta biyu ta Bisharar Yahaya, alama ta farko da Ubangijinmu ya yi ita ce mai da ruwa ruwan inabi a gidan biki a Kana. Zabura ta 104 ta lissafta ruwan inabi tare da mai da abinci cikin kyautan Allah. Manzo Bulus ya shawarci Timoti ya riƙa shan kaɗan saboda ciwon cikinsa. Tarihin ikilisiya ma yana tare da su. Katarina, matar da Martin Luther ya aura a 1525, ita take riƙe da babban gidansu a Wittenberg, mai cike da ɗalibai da baƙi. Tana noma, tana kiwon aladu, tana kuma dafa giyar gidan da kanta. Mijinta ya yaba giyar nan cikin wasiƙunsa. Wanda ya ce duk matar da ta taɓa hura wuta ƙarƙashin tukunyar giya ta fita daga hanyar ceto, sai ya fara da matar Luther.

Masu cewa laifin nata ne duka, su ma ba da ka suke magana ba. Littafin Karin Magana, a sura ta 20 da ta 23, ya zana mashayi yadda duk wanda ya taɓa zama kusa da gidan fito zai gane shi: jajayen idanu, raunuka ba dalili, faɗa, da farkawa ana neman ƙari. Wasiƙar Afisawa ta hana buguwa a fili. Sukan kuma kawo Habakuk sura ta biyu, inda aka yi kaito ga mai shayar da maƙwabcinsa, ko da yake gaskiya ita ce annabin yana magana ne a kan mai shayarwa da niyyar kunyata mutum, yana kuma nufin zaluncin Babila. Luther ɗin nan da ya yaba giyar matarsa, shi ne kuma ya yi wa Jamusawa wa'azi mai zafi a kan shaye-shayensu. Maƙwabtanmu Musulmi kuwa maganarsu a yanke take. Malamansu suna koyar da cewa la'anar giya ba ta tsaya kan mai sha ba, ta haɗa da mai yin ta, da mai ɗaukar ta, da mai sayar da ita, da mai cin kuɗinta.

A ganina, ɗan'uwa mai karatu, ɓangarorin nan biyu sun tsaya suna duban abin da yake cikin tukunya, suka manta da mutanen da suke zaune kewaye da ita. Bari mu ɗauki misalin maƙeri. Maƙeri ya ƙera wuƙa ya kai kasuwar Aboabo, wani ya saya, bayan wata uku ya soki ɗan'uwansa da ita. Ba alƙalin da zai kama maƙerin. Amma a ce mutum ya shigo maƙera yana huci, yana rantsuwa da sunan wanda zai kashe, maƙerin ya ji da kunnensa, ya karɓi kuɗi ya miƙa masa wuƙar. Wuƙar ita ce dai ta jiya, kuɗin ma haka, amma yanzu jinin ya taɓa hannun maƙerin. Abin da ya sake shi ne sani. Alhakin mai yin abu yana ƙaruwa daidai da abin da ya sani game da mai karɓa. Hausawa sun ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Mai dafa fito kuwa ta sani, ta ma fi kowa sani. Kamfanin giya da yake Akara ko Kumasi yana cika kwalabe dubbai, bai san bakin da za su shiga ba. Ita kuwa a tsakar gidanta ake sha, a kan bencinta, ƙarƙashin bishiyarta. Ta san wanda ya zo da kuɗin aljihunsa bayan ya tashi aiki, ya sha ƙoƙo biyu ya yi hira ya tafi. Ta san malamin makarantar da ya zo da ƙarfe goma na safe alhali yara suna jiransa a aji. Ta san mutumin da matarsa ta zo zumuntar mata da kumburarren ido, ta san daren da abin ya faru, ta san ƙoƙo nawa ta auna masa a daren. Ta san ɗan acaɓan da ya jingina babur ɗinsa a bakin ƙofa, wanda zai tashi ya ɗauki mace mai goyo. Idan ta ce ita dai sayarwa take yi, abin da ya biyo baya ba ruwanta, to, amsar Kayinu ta bayar, wanda ya musa cewa shi mai tsaron ɗan'uwansa ne.

A mashayar Kolon akwai wata al'ada da take nuna inda su suka ɗora alhakin. A ɗan siririn kofi ake kawo Kolsh, wanda yake cin kashi ɗaya cikin biyar na lita. Da zarar kofin ya ƙare, ma'aikacin gidan yakan ajiye wani ba tare da an tambaye shi ba, ya ja layi da fensir a kan ɗan faifan kwalin da ake ɗora kofi. Haka zai yi ta yi har mai sha ya ɗauki faifan ya rufe bakin kofinsa. Watau mai gida zai ci gaba da zubawa, tsayawa kuwa aikin baƙo ne. Al'ada ce mai daɗin ji, amma tana da rami a cikinta: abin da ake shan shi ne yake kashe hankalin da ake jira ya ce ya isa. Mutumin da ya kai kofi na takwas ba shi da sauran ikon da yake da shi a kofi na farko. A cikin su biyun, mai zubawa ne kaɗai ya rage da cikakken hankali, wanda kuwa hankalinsa yake tare da shi, shi za a fi tambaya.

Amma kada mu yi saurin ɗora wa matar Tamale kaya, gama akwai wani abu da ya bambanta ta da mai dafawa don marmari a Amurka. Kolsh tana son sanyi. Bayan ta tashi, sai a ajiye ta makonni a wuri mai sanyi ƙwarai har ta yi garau, a ɗura a kwalba. Mai ita zai iya buɗe ɗaya yau, ya bar sauran sai wata mai zuwa, ba abin da ya yi hasara. Haka ma Katarina, teburin gidanta take dafa wa. Fito kuwa ba ya jira. Ba a kashe yistinsa ba, ba hof a cikinsa da zai tsare shi, a Tamale kuma zafin watan Maris yakan kai digiri 40. Cikin kwana ɗaya ko biyu ya yi tsami ya lalace. Matar da ta zuba jarinta duka cikin dawa da itace, in yamma ta yi da sauran rabin tukunya, tana kallon kuɗin dahuwar gaba yana tsami a gabanta. A wannan sa'a ce jaraba take zuwa. Mutumin da ya kamata ta ce masa ya tashi ya tafi gida, shi ne kaɗai ya rage mai saye. In ba shi da kuɗi ta ba shi bashi, domin bashi ya fi zubarwa. Ran da albashi ya fito, kafin ya isa gida ya riga ya bar rabinsa a gidan fito.

Wannan bashi shi ne mugun ƙulli cikin sana'ar. Mai saye da kuɗi a hannu, aljihunsa yana tsawata masa. Mai sha bashi kuwa abincin 'ya'yansa na ƙarshen wata yake sha tun tsakiyar wata, mai rubuta bashin kuma ta san 'ya'yan da sunayensu. Ƙulli na biyu shi ne akpeteshi, ɓarasar da ake tatsa a kudu daga bammi ko rake, wadda gwamnatin Gana ta halatta a 1962. Ƙarfinta ya ninka na fito wajen sau goma. Waɗansu masu sayarwa sukan ajiye ta a gefe, waɗansu ma sukan ɗiga ta cikin tukunya domin a ce fitonsu ya fi na maƙwabciya kama jiki. Wadda ta yi haka ba ta da mafaka a Kana ko a Wittenberg. Ta yi algus, ta ba mutum abin da bai saya ba, ta kuwa yi shi ne domin ta ɗaure shi ya dawo.

Akwai kuma maganar hatsi, wadda ba a cika ta da ita a taron dattawa ba. Dawar da ake jiƙawa don fito, ita ce dawar tuwon zafi. Damina ɗaya ce a arewacin Gana. Daga kaka zuwa tsakiyar rani hatsi yana da araha, amma daga watan Yuni zuwa lokacin da sabon amfani zai nuna, rumbuna sukan yi ƙasa, tsada ta hau, gidaje da yawa su koma cin tuwo sau ɗaya a yini. Tsofaffi ba su manta da 1983 ba, shekarar fari da gobarar daji, shekarar da aka koro mutanen Gana kusan miliyan ɗaya daga Nijeriya suka dawo suka iske ba abinci. Mudun dawa a watan Disamba da mudun dawa a watan Yuli nauyinsu ɗaya ne a ma'auni, amma a gaban Allah ba ɗaya suke ba.

Jamusawa sun gane wannan tun da daɗewa. A 1516 sarakunan ƙasar Bavariya, Wilhelm na Huɗu da ɗan'uwansa Ludwig, suka kafa doka a garin Ingolstadt cewa kada a dafa giya sai da ruwa da sha'ir da hof. Yau ana yabon dokar a kan ta tsare tsabtar giya, haka ne kuwa. Amma masana tarihi sun nuna cewa ɗaya daga cikin dalilanta shi ne a bar alkama ga masu gasa gurasa, kada masu giya su yi ta takara da su har abincin talaka ya yi tsada. Dokar ta kuma yanka farashin giyar. A Ingila ma, John Wesley ya rubuta a 1773 cewa babban abin da ya sa hatsi ya yi tsada shi ne yawan wanda ake kai wa masu tatsar ɓarasa. Su suna da hatsi iri biyu, suka raba, ɗaya na tukunya ɗaya na tanda. Mu namu iri ɗaya ne, ba yadda za a raba shi sai da lokaci. Mai dafawar da ta rage dahuwa ko ta dakatar a watannin yunwa ta yi abin da dokar Bavariya ta nufa, ba tare da wani sarki ya tilasta mata ba.

A nan dole a faɗi wata gaskiya, ko da za ta ɓata wa waɗansu rai. Manyan kamfanonin giya su ma dawa suke saye. A Nijeriya sun koma gare ta tun da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, a Gana kuma kamfanin Guinness yana sayen dawa daga manoman arewa. Manomin da ya cika mota da buhuna ya sayar musu, ya kawo ushirinsa majami'a, ana yi masa addu'ar albarka. Gwauruwar da ta sayi mudu kaɗan ta dafa a bayan ɗakinta, ita ake kira gaban dattawa. In dai hujjarmu ita ce duk wanda hannunsa ya taɓa giya yana da laifi, to, sai mu kira su duka biyu. In kuwa hujjar ita ce sani, to, manomin ya san inda buhunansa za su, sai dai bai ga fuskar mai sha ba. Ita tana da nauyin gani, amma tana da wani abin da shi ba shi da shi, watau ikon hanawa. Kwalba ba ta iya ce wa mutum ya isa. Mace mai mutunci a unguwa, wadda ta haifi sa'an mai shan, tana iya kife ƙoƙo ta ce, “Ɗana, tashi ka tafi gida, matarka tana jira,” ya kuwa tashi.

Saura maganar maƙwabta. Manzo Bulus, a Romawa sura ta 14 da Korantiyawa ta Fari sura ta 8, ya koyar da cewa abu yana iya zama halal ga mai bi, duk da haka ya bar shi saboda lamirin wani. A Wittenberg ba wanda ya yi tuntuɓe da tukunyar Katarina, gama gari duka haka yake yi. A Sakasaka ko Lamashegu kuwa, inda ladan yake kiran salla a kowane lungu, mutane da yawa abin da suka fara sani game da Kirista shi ne gidansu ake shan giya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, ina kuwa ganin shi ne hujja mafi nauyi a hannun masu cewa a bari gaba ɗaya. Akwai kuma saurayin da ya saci jiki daga gidan iyayensa Musulmi ya zo sha a ɓoye. Mai dafawa ta san ɗan wane ne, ta san yana yin abin da lamirinsa yake ƙi. In ta auna masa, ta taimake shi ya taka abin da shi kansa ya gaskata, ta kuma sa gaba tsakanin gidanta da gidan da suke ɗiban ruwa a famfo ɗaya.

Idan aka tara waɗannan duka, za a ga cewa matar da take so ta yi wannan sana'a da tsoron Allah za ta ƙi bashi, ta ƙi ɓarasa, ta kori wanda ya fara layi, ta hana yaro da mai tuƙi, ta rage dahuwa da damina, wani lokaci ma ta zubar da sauran tukunya da hannunta. Kowane ɗaya cikin waɗannan ragin riba ne. Maƙwabciyarta da ba ta damu ba za ta kwashe mata masu saye. Ba na cewa ba shi yiwuwa, gama akwai masu yin haka, unguwa kuma ta san su. Amma hanya ce matsattsiya, wadda ta ga ba za ta iya bin ta ba, gara ta sauke tukunyar.

Sai dai wanda ya ce mata ta sauke, shi ma ya ɗauki alhaki, gama kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wasiƙar Yakubu ta tsauta wa mai sallamar mayunwaci da fatan alheri kawai. Ko da yake tun 2017 gwamnati ta ɗauke kuɗin makarantar sakandare, akwai sauran kuɗin haya, da magani, da akwati da guzurin ɗan makarantar kwana, da kuɗin jami'a. Fastoci da limaman coci da malaman asibiti nawa ne a arewacin Gana waɗanda kuɗin fito ya yi musu makaranta? Su da kansu sun sani. Ikilisiyar da ta karɓi baikon matar nan shekara da shekaru ba ta tambayi inda ya fito ba, ba daidai ba ne ta tashi rana ɗaya ta hana ta Jibi, ta bar ta da 'ya'ya biyar da tukwane wofi.

Abin yi kuwa ba baƙo ba ne a wannan ƙasa. A Jirapa ne Fada John McNulty ya kafa ƙungiyar ajiya da rance a 1955, wadda ake ɗauka ita ce ta farko irinta a Afirka, Peter Dery kuma, wanda ya zama bishop na Wa a 1960 kafin a kawo shi Tamale a 1974, ya yi ta yaɗa irinta. Matar da ta iya tsiro da tacewa da tsayuwa kan wuta yini guda, ta riga ta iya rabin aikin kunun zaƙi, da turara shinkafa, da man kaɗanya, da daddawa. Manyan tukwanen suna nan, murhun yana nan. Abin da ba ta da shi shi ne jarin watannin farko, da masu sayen da za su san ta a sabuwar sana'ar, da wanda zai tsaya mata sa'ad da ribar kunu ta kasa kai ta fito, gama da fari ba za ta kai ba. Kafin dattawa su aika a kira ta, ya kamata su buɗe littafin asusun ikilisiya su ga nawa za su iya ranta mata, su kuma yanke shawara ko wurinta za a riƙa sayen kunun taron zumuntar mata da na bikin Kirsimati.